Kafin Ka Miƙa wa 'Yan Gwangwan: Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Laftof da Linux

Wata Asabar da hantsi, a tsakiyar hunturu, wani malamin makarantar allo da ke bayan layinmu a Sabonjida ya jingine kekensa a bakin shagona, ya kwance wani ƙunshi daga kariya. Laftof ce naɗe cikin tsohuwar darduma. Ɗansa ne ya aiko masa da ita daga Kumasi shekarun baya, don ya riƙa ajiye sunayen ɗalibai da lissafin makaranta.

"Ɗana, duba min wannan," ya ce. "In ta mutu ka faɗa min gaskiya, in miƙa wa 'yan gwangwan su ba ni abin da ya samu."

Na jona caja na kunna ta. Fanka ta kama gurnani kamar injin markaɗe. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi jikin mahaifiyata, mai koko ta zo ta wuce, allon bai gama kawowa ba. Da ya kawo kuma, sai ka taɓa abu ka zauna jira.

"Malam, ba ta mutu ba," na ce. "Kaya aka labta mata wanda ya fi ƙarfinta."

Irin wannan laftof ta cika gidajen Tamale. Wasu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai aka saya a Tip Toe Lane da ke Akara, wasu tsarabar 'yan uwa ce, wasu kuma ragowar waɗanda gwamnati ta raba wa ɗalibai da makarantu ta hannun kamfanin rLG a farkon shekarun 2010. Yawancinsu ƙarfensu lafiya lau. Abin da ya danne su shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da su, wadda masu gyara ke kira windo. Microsoft ya daina tura wa Windows XP gyaran tsaro tun 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa ya cika 14 ga Oktoba 2025, sai dai ƙarin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa yana neman guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesar da ba ta tsufa ba, wato kusan daga zubi na takwas na Intel zuwa sama. Mai laftof ta 2010 ya shiga tsaka mai wuya ke nan: ko ya zauna da windon da ƙofarsa ke buɗe ga kowane bairos, ko a tura mata sabo da ƙarfin tsiya ta riƙa rarrafe.

Akwai mafita ta uku, kuma kyauta ce, ba ta sata ba. Linux babbar manhaja ce da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, dubban mutane suka sa hannu suka gina ta, lasisinta kuma ya halatta wa kowa ya kwafa ya raba. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan ginshiƙinta take tsaye. Tana zuwa iri-iri, kuma cikin irin akwai waɗanda aka ɗinka musamman don na'ura mai ƙaramin ƙarfi.

Abin yana damuna ne saboda na san inda laftof ɗin da aka yanke wa ƙauna take ƙarewa. Kafin a rushe filin gwangwan na Agbogbloshie a Akara cikin Yulin 2021, da yawa daga samarin da ke ƙona wayoyin lantarki a can don fitar da tagulla 'yan arewa ne, 'ya'yan garuruwanmu, suna shaƙar hayaƙin da ke cin huhu. Na'urar da za ta iya yi wa ɗalibin jami'ar UDS ko na Jami'ar Fasaha ta Tamale aikin shekara huɗu ko biyar bai kamata ta bi wannan hanya da wuri ba.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Abu uku za ka bincika kafin ka sauke komai: furosesa, ram, da rumbun ajiya wanda ake kira had-dis. In windon yana buɗewa, danna dama a kan “This PC” ko “Computer”, ka zaɓi “Properties”, za ka ga sunan furosesa da yawan ram. In ba ya buɗewa, shiga BIOS, a can ma suna rubuce.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce, furosesar mai bit 64 ce ko mai 32? A nan mutane ke ruɗewa, domin an sha ɗora windo mai bit 32 a kan na'ura mai 64, mai ita ya ɗauka iyakarta ke nan. Duk Core 2 Duo, da Core i3, i5, i7, masu 64 ne. Pentium M, da Core Duo marar lamba 2 a tsakiya, da Atom N270 na ƙananan netbuk ɗin nan, su ne masu 32. Dalilin da ya sa na matsa a nan shi ne manyan gidajen Linux sun yi ta janye hannu daga bit 32. Linux Mint ya bar shi tun fitowa ta 20 a 2020, Debian ma da ya fitar da na 13 a Agustan 2025 bai yi masa faifan ɗorawa ba.

Ta Malam Core 2 Duo ce, ram giga 2, rumbu mai juyawa giga 160.

Kwashe kayan mutane tukuna

Kada ka yarda da kalmar “ai babu komai a ciki”. Na taɓa yarda, kuma har yau abin yana ci min rai. Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a kasuwar Aboabo ta kawo min tata, ta ce in share komai. Na share. Bayan kwana biyu ta dawo tana tambayar hotunan aikin hajjin mahaifiyarta, wadda ta rasu a shekarar. Suna cikin wata jaka a ɓangaren D, ita kuma a saninta sharewa ba ta taɓa D, domin haka masu gyara suka saba yi mata. Mun yi iya ƙoƙarinmu da manhajar tono fayil, kaɗan muka samu. Tun daga ranar nake zaunar da mai na'ura kusa da ni, mu buɗe jaka ɗaya bayan ɗaya: abin da ke kan allo, jakar takardu, ta hotuna, ta abubuwan da aka sauke, da kowane ɓangare na rumbun. A kwafe su a filash ko rumbun waje, sannan a jona a wata kwamfutar a buɗe wasu a gani da ido cewa sun kwafu.

Ka tambaye shi kuma ko ya san kalmar sirrin imel ɗinsa da na Facebook. Da yawa burawuza ce ke riƙe musu, ba su san ta da ka ba, ranar da aka share sai a rasa ƙofar shiga. A rubuta su a takarda tun na'urar tana buɗewa. In windon ya ƙi tashi sam, kada ka damu, filash ɗin Linux da za mu haɗa zai buɗe maka rumbun ka kwashe kayan, muddin ba a kulle shi da BitLocker ba.

Ƙurar hunturu da zafin bazara

Ba manhajar da za ta yi maganin fankar da ta toshe. A Tamale ƙura tana sauka daga Disamba zuwa Fabrairu, sai Maris da Afrilu su zo da zafin da ke taɓa digiri 40. Furosesa in ta ji zafi ya yi yawa tana rage gudu da kanta don kada ta ƙone, in ya wuce misali ta kashe na'urar. Cire caja da batir, kwance murfin ƙasa, ka duba tsakanin fanka da haƙarƙarin tagullar da iska ke bi. A ta Malam na zaro wani dunƙule na ƙura da zare kamar audugar katifa. Tsohon buroshin haƙori ya isa. In za ka hura iska, dafe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa a banza. Man da ke tsakanin furosesa da tagulla in ya bushe ya zama kamar alli, goge shi ka ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar gero biyu ko uku.

Duba kwanan wata ma. In kullum na'urar tana tashi da shekarar da aka ƙera ta, ɗan batirin agogon ciki ne ya mutu, galibi CR2032. Ƙaramin abu ne amma yana hana shafukan intanet buɗewa, yana kuma hana sabuntawa, domin takardun shaidar tsaro da kwanan wata suke aiki.

In akwai 'yan sidi a hannu, ga inda za a sa su. Na farko SSD mai inci 2.5, ko da giga 120 ko 128 ne, a madadin rumbu mai juyawa. Babu canjin da ya kai wannan tasiri, kuma yana jure jijjigar babur da keke a hanyoyinmu fiye da mai juyawa. Na biyu ram, a kai shi giga 4 in allon uwa zai ɗauka. Cire na ciki ka tafi da shi wurin mai sayarwa, domin DDR2 ba ya shiga ramin DDR3, akwai kuma DDR3L mai ƙaramin wuta da wasu na'urori ba sa karɓar waninsa. Amma wanda ba shi da ko kwabo kada ya fasa, Malam ma da rumbunsa na asali muka fara.

Daidai ruwa daidai tsaki

In ram ya kai giga 4, furosesa kuma mai 64 ce, ban cika yin dogon tunani ba: Linux Mint mai fuskar Xfce. Maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu inda mai windo ya saba ganinsa, yana zuwa da Firefox da LibreOffice, kuma jerin 22 da ya fara fita a Yulin 2024 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Masu shi sun ce giga 2 na ram da giga 20 na rumbu shi ne mafi ƙaranci, amma su da kansu sun ce giga 4 ne ake sakewa.

A giga 2 akwai Lubuntu, ɗan gidan Ubuntu da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, akwai kuma MX Linux da aka gina a kan Debian. Ni na fi karkata ga MX saboda akwatin kayan gyaransa da komai ke wuri guda, amma duka biyun suna aiki.

Daga giga 1 zuwa ƙasa, ko furosesa mai bit 32, sai antiX. Shi ma ɗan Debian ne, jerinsa na 23 yana da na bit 32, kuma in ya tashi ba ya cin ram da ya kai mega 300. Fuskarsa ba ta da ado, sai an ɗan koya wa mutum inda abubuwa suke. Puppy Linux, wanda Barry Kauler ya fara a Ostareliya a 2003, ya fi dacewa da zama a filash ɗin mai gyara don ceto kaya. ChromeOS Flex na Google kuwa ba na ba mutanenmu shawararsa, domin rayuwarsa a kan intanet take, mu kuma data da awo muke saye.

Gaskiya guda da ba na ɓoye wa kowa: babbar manhaja mai sauƙi ba ta mayar da intanet mai sauƙi. Shafin Facebook ko YouTube nauyinsa ɗaya ne a ko'ina. Mai giga 1 zai yi rubutu, ya yi lissafi, ya saurari karatu, ya kalli bidiyon da ya ajiye, amma in ya buɗe shafuka biyar a burawuza zai ji a jikinsa.

Haɗa filash

Sauke fayil ɗin, wanda ake kira ISO, daga shafin masu manhajar kawai. Na Mint ya kusa giga 3, don haka a jira bandil na dare, ko a karɓa wurin wanda ya riga ya sauke. Wannan kwafi halal ne, mutum ɗaya ya sauke unguwa duka ta amfana. Intanet ɗinmu yakan yanke, fayil ya sauko da rauni ba ka sani ba. A shafin akwai wata doguwar lamba mai suna SHA256. A Windows 10 ko 11 buɗe PowerShell ka rubuta Get-FileHash sannan sunan fayil ɗin, ka gwada lambar da ta fito da ta shafin. In ko harafi ɗaya ya saɓa, sake saukewa.

Nemi filash mai giga 8. A yi hattara da na bogi da ke yawo a kasuwa, wanda aka rubuta masa giga 64 alhali cikinsa bai kai ba. Shi ne ke sa aiki ya tsaya a tsakiya ka yi ta zargin laftof. Manhajar Rufus ce ke rubuta ISO a filash: zaɓi filash ɗin, zaɓi fayil, a wurin tsarin ɓangare ka bar shi a MBR in na'urar tsohuwa ce, ka danna farawa. Duk abin da ke cikin filash ɗin zai tafi. Mai aiki da Windows 7 ya nemi Rufus 3.22, domin daga na 4 zuwa sama ba sa tashi a kansa. Mai shago kuwa Ventoy ya fi masa: sau ɗaya ake ɗora shi a filash, daga nan sai ka riƙa jefa fayilolin ISO ciki kamar yadda ake kwafar waƙa, in ka kunna ya jero maka su ka zaɓa. Nawa yana ɗauke da Mint da MX da antiX, ina gwada na'ura da kowanne in ga wanda ta fi sakewa da shi.

Gwaji kafin aure

Kashe laftof, soka filash, kunna, ka yi ta ƙwanƙwasa maɓallin zaɓen inda za ta tashi tun kafin tambarin kamfani ya ɓace. A HP, Esc ne sannan F9. A Dell, Lenovo da Toshiba, F12. A Asus, Esc. Acer ma F12 ne, sai dai sau da yawa sai ka shiga BIOS da F2 ka kunna shi tukuna. In filash bai fito a jerin ba, canza rami, ka fi son na USB 2 a tsofaffin na'urori. In ya fito amma ya ƙi tashi, shiga BIOS ka kashe “Secure Boot”. Na'urorin da suka girmi 2012 yawanci ma ba su da shi. In allo ya yi baƙi bayan ka zaɓi farawa, sake kunnawa ka ɗauki layin “compatibility mode”.

Abin da ya fi burge ni a Linux shi ne wannan mataki. Manhajar za ta tashi cikakkiya daga filash ba tare da ta taɓa rumbunka ba. Windon yana nan, kayanka suna nan, in ka zare filash komai ya koma yadda yake. Saboda haka kada ka yi gaggawar danna ɗorawa. Zauna da ita rabin awa. Jona wayafai. Kunna sauti a lasifika, sannan a abin kunne. Rage hasken allo ka ƙara. Buɗe wurin rubutu ka taɓa kowane maɓalli. Gwada kyamara da kowane ramin USB. Rufe murfin ka buɗe ka ga ko za ta farka. In mai ita yana da firinta, a kawo a jona yanzu: na HP galibi suna kamawa da kansu, wasu ƙananan Canon irin LBP2900 kuwa sai an sha fama da direbansu. Ka tuna daga filash take gudu, in ta ɗan yi nauyi ba haka za ta kasance a rumbu ba.

Buɗe tagar umarni ka rubuta inxi -F, za ta zayyano maka duk abin da ke cikin na'urar, har sunan katin wayafai. A Mint akwai manhajar “Disks” da ke nuna lafiyar rumbu. In ta ce akwai gurabun da suka lalace kuma suna ƙaruwa, kada ka gina a kan rubabben tushe, canza rumbun.

Wayafai shi ne inda aka fi tuntuɓe, musamman katin Broadcom da ke cikin laftof da yawa na wancan zamani. Maganin yana aljihunka. Jona wayar Android da kebul, shiga saitin raba intanet ka kunna na USB, Linux zai gan ta nan take kamar wayar intanet ta ofis. Daga nan “Driver Manager” na Mint zai nemo direban katin.

Ɗorawa

Kafin ka danna, dubi wuta. Yawancin tsofaffin laftof batirinsu ya mutu, da an ɗauke wuta suke mutuwa. In hakan ta faru a tsakiyar ɗorawa ba a yi asarar na'ura ba, amma tsohon windo ya tafi, sabuwar ba ta zauna ba, sai an faro daga farko. Na fi son yin wannan aiki da safe, ba lokacin da hadari ya haɗo ba, kuma in da hali a jona ta a UPS ko inbata.

Zan bi matakan Mint, sauran ma kusan haka suke. Danna alamar faifai da ke kan allo. Zaɓi harshe da tsarin kibod. Sa alama a akwatin “multimedia codecs” don bidiyo da sauti su yi aiki. Sai babbar tambaya: a share rumbun duka, ko a zauna tare da windo? Ga tsohuwar na'ura mai ƙaramin rumbu, shawarata a share, wato “Erase disk and install Linux Mint”. Zaman kishiyoyi a ɗaki ɗaya yana yiwuwa, amma mai na'ura yakan koma wurin wadda ya saba, sabuwar ta zauna tana cin wuri. Wanda dole sai ya riƙe windo saboda wata manhaja, ya zaɓi “alongside” ya ja layin rabon. A Gana ma an huta da wata matsala da masu haɗa biyun ke fuskanta: Linux yana ajiye agogon na'ura a lokacin GMT, windo kuma a lokacin gari, to mu lokacinmu shi ne GMT. 'Yan uwanmu na Kano da Maradi su ne za su ga agogo ya goce da awa guda.

In mai ɗorawa ya ce bai ga rumbu ba, koma BIOS ka mayar da tsarin SATA zuwa AHCI. A taswira zaɓi Akara. Sa suna da kalmar sirri, kuma mai na'urar ne zai buga ta da hannunsa, ya rubuta a takarda ya adana, domin duk sabuntawa da ɗora manhaja sai an tambaye ta. Ɓoye rumbu da kulle yana da kyau ga mai yawo da sirrin ofis, amma wanda ya manta kalmar ya yi sallama da kayansa, don haka ba na sa wa dattawa. Daga nan sai jira, minti goma sha biyar zuwa arba'in gwargwadon ƙarfin na'ura. In ta ce a zare filash a danna Enter, a yi hakan.

Ranar farko

Sabuntawar farko takan ci ɗaruruwan mega, ita ma a bar wa dare, amma kada a tsallake ta, domin gyaran tsaron nan shi ne dalilin ƙaurar tun farko. A Mint kunna Timeshift ya ɗauki hoton tsarin sau ɗaya yanzu da komai ke lafiya; a ƙaramin rumbu a bar guda biyu kawai. A Firefox ƙara uBlock Origin, yana tare tallace-tallacen da ke cinye ram da data tare. Ɗora VLC daga rumbun manhajoji. A nan ba a yawon neman manhaja a shafukan da ba a sani ba, komai daga “Software Manager” yake fitowa.

LibreOffice yana buɗe fayilolin Word da Excel, yana kuma ajiyewa a tsarinsu. Abin da ke sa takarda ta wargaje in an kai ta shagon buga takardu shi ne bambancin salon haruffa. Buɗe tagar umarni ka rubuta sudo apt install fonts-crosextra-carlito fonts-crosextra-caladea. Carlito faɗinsa ɗaya da Calibri, Caladea kuma da Cambria, layuka ba za su goce ba. Abin da za a buga kuwa a mayar da shi PDF tun daga gida.

Sai abin da ya fi faranta min rai. A jerin tsarin kibod na Linux, ƙarƙashin Gana, akwai na Hausa, akwai na Akan da Ewe da Ga, akwai kuma mai sunan GILLBT, cibiyar nazarin harsunan nan da ke nan Tamale, mai ɗauke da haruffa irin ɛ, ɔ da ŋ da masu rubuta Dagbanci ke buƙata. Ƙarƙashin Najeriya ma akwai na Hausa. Ƙara su a saitin kibod, ka gwada maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta inda kowane harafi mai lanƙwasa yake a 'yar takarda ka manna kusa da allo. In wani harafi ya ɓuya, a LibreOffice rubuta lambarsa ka danna Alt da X tare: U+0199 zai zama ƙ, U+0257 ya zama ɗ, U+0253 ya zama ɓ. Manyansu su ne U+0198, U+018A da U+0181. Mun daɗe muna rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya a kwamfuta kamar ba mu da zaɓi, alhali zaɓin yana nan.

Ga makaranta ko gidan da ba a iya sayen data kullum, ɗora Kiwix. Yana tattara Wikipedia a fayil guda a karanta ba intanet. Nemi ta Hausa, da ta Turanci marar hotuna don ta yi ƙanƙanta, da ta Dagbanci, wadda aka buɗe a 2021 da ƙoƙarin masu sa kai da yawansu 'yan garin nan ne. Yara ƙanana kuma a sa musu GCompris, wasannin koyon ƙirga da haruffa.

Akwai wanda ba zan sa wa Linux ba. Mai shagon zane da abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop, da mai gyaran waya da akwatunan filashin ɗinsa sai windo, a bar su inda suke. Inkscape da GIMP suna aiki sosai, amma ba a canza wa mutum kayan sana'a ana tsakiyar kasuwa. Irin waɗannan a sa musu SSD da ram, a raba na'urar aikin da yawon intanet.

Kada kuma ka miƙa na'ura ka juya baya. Wanda aka canza wa manhaja ba a nuna masa komai ba, cikin mako guda zai kai ta wani shago, a ce masa ai wannan ba windo ba ce, a share. Zauna da shi ya kunna da kansa, ya jona wayafai, ya buɗe takarda ya ajiye, ya kwafa a filash, ya danna alamar sabuntawa, ya kashe. Rubuta sunan manhajar da lambar fitowarta a takarda ka manna a ƙarƙashin na'urar don mai gyara na gaba.

Ta Malam MX muka sa mata, na ƙara masa kibod na Larabci da salon haruffan Amiri, na nuna masa maɓallan da ke juya shi daga boko zuwa Larabci. Ya gyara zaman tabarau, ya sa yatsa ɗaya yana neman haruffa, ya rubuta sunan ɗalibinsa na farko daga dama zuwa hagu.

"To wasalin fa, ɗana? Ina fataha take?"

Na nuna masa Shift da maɓallin Q. Ya danna, ta hau kan harafin. Ya ce in rubuta masa wuraren kisira da rufu'a a bayan takardar kalmar sirrin, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya naɗe laftof ɗin a dardumarta. Ranar Laraba zai dawo da jikansa, wanda zai riƙa shigar masa da lissafin, mu kuma sa mata ram na giga 2 da na samo a wata matacciyar irinta.